Zuma a Kwalbar Wiski

Jibiya zuwa Maraɗi

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, muka fito ni da Gwaggo Dije, yayar Babanmu. Baba ya yi wata biyu yana tari, ya ce zumar Kawu Idi ta Maraɗi kawai yake so ya haɗa da maganin asibiti, don ita ce ba a saka wa sukari. Gwaggo ta ce ko da ƙafa ne sai ta ɗauko. Ni aka haɗa ta da ni saboda ina karatu, ko da za a cika takarda.

Ƙarfe bakwai muka wuce Magama. A Ɗan Isa jandarma ya duba katinmu, ya ce wa direba ya gyara madubinsa da aka ɗaure da roba. Tara da kwata muna Maraɗi.

Gidan Kawu Idi

Mun sha fura, muka ci tuwon gero da miyar kuka. Kawu ya kawo kwalabe shida cike da zuma, masu kauri, da murfin ƙarfe. Ya ce a kasuwa yake sayen su babu komai a ciki, ya wanke da toka da ruwan zafi sau uku. Na ga takardun da ke jikinsu, na karanta a zuciyata, na ji kunyar faɗa. Muka kwana.

Magama, a dawowa

Sha ɗaya da minti ashirin aka tsayar da mu. Wani jami'i ya buɗe kwalinmu, ya ɗaga kwalba ɗaya a rana. Launin ya yi ja-ja kamar shayi.

"Hajiya, da girmanki? Wiski za ki shigo da shi?"

"Mi ne ne wiski?" in ji Gwaggo.

"Giya ce ta Turawa."

Direba ya yi dariya. "Ashe Hajiya babbar dila na ɗauko."

"Rufe mani baki, ɗan nema," in ji Gwaggo, ta juya ga jami'in. "Yaro, buɗe ka lasa."

Jami'in ya ce shi ba zai kai abin nan bakinsa ba. Za a ajiye kwalin sai ogansu ya dawo ranar Litinin. Gwaggo ta zauna a kan kwalin, ta ce to tare za a ajiye su.

Ni ko a aji ba na ɗaga hannu. Amma na tuna tarin Baba, na ji bakina ya ce, "Yallaɓai, a kifa kwalbar."

Ya dube ni, ya kifa. Wata ƙwayar iska ta taso daga wuyan kwalbar, tana hawa a hankali kamar tsoho a kan tsani.

"Da giya ce da tuni ta kai sama," na ce, idona a ƙasa.

Ya buɗe, ya sansana, ya yi murmushi. Sai ya ce tunda na iya, in fassara wa Hajiya abin da ta ɗauko. Na ce an rubuta wiski ne na ƙasar Sikotilan, an gauraya iri-iri daga masana'antu daban-daban, na sha'ir da na wasu hatsi, an ajiye shi shekaru a gangar katako.

"Mi kika ce? An gauraya?"

"Giyar ake nufi, Gwaggo."

Jami'in ya miƙo mana kwalinmu, muka shiga mota.

Gida

Ƙarfe ɗaya saura muka iso. Baba ya sha cokali biyu a ruwan ɗumi, ya sa mana albarka. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Kawu Idi, da direban ma duk da bakinsa.

Gwaggo kuwa ko mayafi ba ta cire ba. Ta jiƙa tsumma, ta ba ni wuƙa, muka hau kankare takardun.

"Giyar dai Idi ya wanke ta," ta ce. "Amma ba za a shigo gidan nan a karanta cewa zumarmu gauraye ce ba."