Rawar da yayana ya kawo daga Jos

Shekarar da aka gama yaƙin Nasara yayana ya dawo Azarori, bayan ya shekara shida yana dafa wa wani Bature abinci a wurin haƙar kuza a Jos. 'Yan ci-rani sukan dawo da keke ko riguna. Namu ya zo mana da takalmi mai ƙusoshi, da kuma rawa.

Ya ce maigidan nasa mutumin wata ƙasa ne da ake kira Ailan, kuma a can da ƙafa kawai ake rawa. Hannuwa a manne a cinya, wuya a miƙe, fuska kamar ta wanda kumandan Nasara ya aika a kira. A lokacin ina da mata da ɗiya biyu, amma ƙane ba ya girma a gaban wansa, don haka ni aka zaɓa in fara koyo.

Ya ce rairayi ba ya amsa ƙafa, sai dutse. Kullum da hantsi mukan hau wani falalen dutse a bayan gari, shi da takalminsa, ni da tafin ƙafar da Allah ya ba ni. Ya nuna mini yadda ake tsayawa a kan yatsu, a yi tsalle, a jefa ƙafa gaba, a dawo da ita kafin ta ankara. Yana ƙirga wan, tu, tiri, don a cewarsa rawar ba ta jin Hausa. Ni kuwa da zarar ƙafa ta motsa sai kafaɗa ta bi ta, kamar kowane mai hankali. Ran kwana na uku ya ɗaure mini hannuwa da igiyar jaki. Na yi tsalle biyu, na uku na sauka da haɓa.

Ya duba jinin ya ce, "Ka kusa."

Goggonmu, wadda ta daɗe a bori kafin ta kama salla, ta hau dutsen da sandarta ta zauna tana kallo. Da muka tsaya shan iska ta ce, "Na ga iskoki iri-iri, amma ban taɓa ganin marowaci kamar wannan ba. Ya hau ƙafafu, ya bar sauran mutum yana jira." Yayana ya ce mata wannan ilimi ne. Ta ce to, Allah ya ba da lafiya.

Wata biyu muka yi. Sannu a hankali ƙafar ta fara yi ba tare da na sa ta ba, kuma ko da ban faɗa wa kowa ba, na ji daɗin abin.

Bayan girbi muka tashi ginin rumbun laka. Na shiga kwaɓin ƙasa da ciyawa, ƙafafuna suka kama wan, tu, tiri da kansu. Aikin yini ya ƙare kafin azahar. Kafin mako ya zagayo duk mai gini a unguwarmu ya san ƙofar gidanmu, ana gayya ana tambaya ko mai tsallen nan zai zo.

Yayana ya yi fushi ƙwarai, ya ce na zubar da mutuncin ƙasa guda cikin laka. Bai ƙara koya wa kowa ba. Amma da nasa rumbun ya tsage a damina ta gaba, matarsa ya turo ta kira ni.