Ranar da Goggo ta zo ta'aziyyar Yaya Bala

Jiya ina shagon aski a unguwar New Bell sai ga yayana Bala a tele, ya sha kwat, yana gabatar da shirinsa na barkwanci. Baƙonsa ya tambaye shi yadda ya fara fim. Ya gyara zama ya ce, "Ai ni tun farko babban rôle aka ba ni."

Na yi dariya har mai aski ya janye reza.

A fim ɗinsa na farko, a gawa fa ya fito. Aka naɗe shi da likkafani aka ɗora a makara, aka bar fuskar a buɗe don unguwa ta gane shi. Wani ya ɗauki hoto ya tura wa dangi ba bayani.

Kafin mu ankara, Goggo Hadiza ƙanwar babanmu ta taso daga Ngaoundéré da buhun gero na sadaka. Ta shigo da kuka, ta tarar da mamacin a tsakar gida yana cin beignet, wato fanke, da wake.

"Bala, ba ka mutu ba?"

"Goggo, fim ne."

Ta share hawaye, ta dube shi sama da ƙasa. "To ka sani, kukanka na riga na yi. Ran da mutuwar ta zo da gaske, kada a kira ni."

Geron kuwa ta ce an riga an yi niyya. Dole aka daka gumba, shi da kansa ya bi gida-gida yana rabawa.

Yau dangi kowa cewa yake tun Bala na yaro ya san zai yi suna. Goggo dai har yanzu marigayi take kiransa.

Ku fa, a danginku akwai wanda ya raba sadakar mutuwarsa da hannunsa?