Mis Opal, Mai Gadin Tudun Yamma

A garinmu, da zarar Afrilu ya kama, ba wanda ke tambayar inda Mis Opal Hargett take da yamma. Da safe tana shagon abincin dabbobi, tana auna wa manoma iri da dusa. Amma ranar da aka wayi gari da zafi mai danƙo, iskar kudu ta yi nauyi, to kafin rana ta karkata za ka ga ta cika flas da kofi, ta shiga tsohuwar a-kori-kurarta da ƙanƙara ta gama lotsawa, ta haye tudun da ke yamma da gari. Can take zama da rediyon oba-oba a cinya, tana kallon gindin hadari. Masu hasashen yanayi suna hango hadarin a na'urarsu daga nesa, amma abin da ke taɓa ƙasa sai an sa idon mutum. Idan ta ce girgije ya fara juyi yana sauko da jela, sai a kunna jiniya. Shekara talatin da ɗoriya tana wannan aiki na sa kai.

Mu kuwa mutanen Oklahoma sai addu'a. Jiniya tana kuka a shiga ramin ɓuya, mu muna fitowa baranda mu ga ta ina guguwar za ta ɓullo. Mahaifina, Virgil Stroud, shi ne sarkin masu wannan hali. Har kujera yake fitarwa. Mis Opal ta yi masa faɗa a shago, ta yi masa a ƙofar coci, shi kuwa ya ce guguwar da za ta ɗauke shi ba a haife ta ba. Ita kuma ta ce masa da ma guguwa ba ta ɗaukar kaya marar amfani.

Wata ranar Mayu hadari ya haɗu, sama ta yi kore-kore, irin wanda ko Baba da ya gani bai tsaya gardama ba. Jiniya na tashi ya sauka raminsa da ke bayan gida, dab da rafin nan da yawancin shekara ba ya jiƙa ko tafin ƙafa, ya ja ƙofar ƙarfe ya sa sakata. Guguwar ta bi gonakin alkama ta kudu, ta yi kaca-kaca da rumbun wasu manoma, su Kimbrough, sannan ta ɗage. Idon kowa yana kudu. Mis Opal ta waiwaya arewa, inda rafin yake farawa, ta ga ruwa ya tsaya wuri ɗaya yana zuba kamar da bakin ƙwarya. Ta gaya wa ofishin hasashe, suka ba da gargaɗin ambaliya nan take. To amma wanda ke cikin rami ba ya jin gargaɗi, ga jiniya ba ta yi shiru ba don wani hadarin yana tafe a baya. Ita ba ta da halin barin tudun. Sai ta riƙa bin gidajen bakin rafi da waya ɗaya bayan ɗaya, da ta rasa Baba ta kira ni.

Na isa ina buga ƙofar ramin, ina ce masa ya fito. Ya ƙi. Ba laifinsa ba ne kaɗai, don tun muna yara abin da aka koya mana ke nan: ba a fita sai jiniya ta yi shiru.

"Shekara da shekaru kuna zagina ban shiga ba," in ji shi daga ciki. "Yau na shiga kun ce in fito. Ku tsai da magana ɗaya mana."

Na kira Mis Opal, na kara wayar a bakin bututun shan iskar ramin. Ina jin ƙanƙara tana dukan motarta ta cikin wayar.

"Virgil, ka taɓa jin na ce wani ya fito jiniya tana kuka?"

Ya ce bai taɓa ji ba.

"To yau na faɗa. Guguwa tana gabana, ni ke gadinta, in ta motsa zan gaya maka. Ruwa yana bayanka, shi ba shi da mai gadi. Fito ku hau wajen coci."

Na ji sakata ta zame. Muna isa kan tudun coci muka juyo, rafin ya riga ya shanye lambun Baba. Da ruwa ya janye washegari, ramin cike yake da laka har bakin ƙofa. Na tsaya a wurin na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Ke ce idon garin nan, Mis Opal. Ke ce kike fuskantar abin da kowa ke juya wa baya. Ranar nan gilashin motarki ya tarwatse a kan cinyarki, ba ki sauko ba sai da hadari na biyu ya wuce, kuma ba daga bakinki muka ji ba, bakanike ne ya tona. Sau nawa kika kwana da zagin mutane don an kunna jiniya guguwa ba ta zo ba? Kika haɗiye, da wani hadarin ya taso kika koma.

Bana idon ya gaza. Likita ya ce tsakiyar ganinta tana dushewa, kuma ba ta gyaruwa. Da kanta ta kai rediyon ofishin 'yan kwana-kwana, ta ce ba za ta sa gari ya dogara da idon da ita ma ba ta yarda da shi ba. Aka yi mata liyafa a zauren coci, aka ci kek, aka yi jawabai. Da shugaban 'yan kwana-kwana ya tambayi wa zai hau tudun bana, kowa ya sunkuya yana nazarin farantinsa. Abin ya ba ni haushi, har na manta ni ma nawa nake kallo.

Baba ne ya zungure ni da sandarsa. Ya ce, "Rhonda, idanun nan naki biyu, ajiya kike yi da su?"

Na shiga horon da ake ba masu gadin hadari, amma girgije har yanzu duk ɗaya yake a wurina. Shi ya sa muka yi shawara da ita: ranar hadari ni zan ja mota, ita tana gefe. In gaya mata abin da na gani, ta gaya mini sunansa.

Mun gode, Mis Opal, Allah ya saka miki. Ku kuma 'yan baranda, tunda kallon sama ba ya gundurarku, ku zo a koya muku yadda ake yin sa ya amfani wani. Akwai tudun arewa, wajen kan rafi, har yau ba kowa a kansa, kuma Mayu ya kusa.