Dutsen Taimamar Kaka

Akwai wani dutse a kan teburina, mulmulalle, daidai cikin tafin hannu. Duk wanda ya shigo sai ya ɗauka ya shafa yana yaba santsinsa. Ni kuwa ko kallonsa ba na son yi idan hadari ya haɗo.

Shekarar da gidan gado ya yi mana kaɗan, aka yanka wa babanmu fili a gangaren ƙauyenmu, can wajen Gazawa. Rani ne, wurin a bushe ƙamas, rairayi da 'yan sabara. Ya haƙa rami don buga tubali, ramin ya yi zurfi har ya shanye tsayinsa. A nan na tsinci dutsen, na kai wa kakata da murna, don ƙafafunta ba sa son ruwan sanyi, taimama take yi.

Ta juya shi a hannu tana duba santsinsa. Tsohuwar da kullum sai ta tsokane ni da "mijina marowaci", ranar ko murmushi babu.

Washegari ta ja ni zuwa gulbi, wanda ya ƙafe tun bayan girbi. Ta sa na tona gefensa da hannu. Daga ƙasa tsakuwa ce mulmulalliya, a kanta yashi mai layi-layi, a sama kuma laka ta bushe ta tsattsage. Ta ce haka ruwa yake sauke kayansa, mai nauyi tukuna, laka a ƙarshe. Daga nan muka wuce ramin babanmu. Kai, mai karatu, abin da na gani a gulbi shi ne a bangon ramin, sai dai ba sau ɗaya ba. Tsakuwa, yashi, laka, sannan a sake, hawa kan hawa har ƙasa. Tsoro ya kama ni sosai.

Ta ce wa babanmu, "Iska ba ta mulmula dutse haka. Wanga wuri hanyar ruwa ce, kuma ba sau guda ya biyo ta ba."

Ya ce, "Inna, ko kakanki bai ga ruwa nan ba. Ina zan kai iyalina?"

Ba shi da wani filin, wannan gaskiya ne. Ya gina, muka tare, muka girma a ciki. Kaka ta yi ta taimama da dutsen har ta koma ga Allah, na gaje shi, ruwa bai zo ba. Har dariyar maganarta muka riƙa yi.

Yanzu ƙanena ne a gidan da 'ya'yansa. Itatuwan tudun da ke tare ruwa sun ƙare, ruwan sama kuma ya koyi zuwa gaba ɗaya kamar da bakin ƙwarya. Da daminar bana ya kira ni a waya, yana ba ni labari cikin raha. Wai bayan ruwan Juma'a sun share laka daga tsakar gida, yara kuma suna ta wasa da wasu 'yan duwatsu masu santsi da suka tsinta a ƙofar zaure.

Na tambaye shi daga ina duwatsun suka fito. Ya ce shi ma bai sani ba, da dai babu su.