Noeline da Mota Mai Lamba Tara

Noeline Pybus ba ta taɓa buga golf ba, kuma ta ce ba ta da niyyar farawa. Amma shekara goma sha bakwai ke nan makullan garejin filin golf ɗinmu suna aljihunta, a wannan ƙauye namu na tsakiyar Tasmaniya. Ƴar makanikin tarakta ce, tun tana ƙarama take miƙa wa babanta sifana. Ta yi aure, ta haifi biyu, mijin ya tafi Melbourne neman aiki bai dawo ba, ita kuwa ta ci gaba da gyaran injuna. Ni yankan ciyawa ne aikina, kuma a gareji ɗaya muke ajiye kayan aikinmu.

Da Yuni ya kama, wato farkon hunturu a wajenmu, sanyi kan kori ƴan wasa, mu kuma aikinmu ya taso. Mu muna huda ƙasa muna zuba yashi, muna yashe magudanan ruwa. Ita tana bin ƙananan motocin nan goma sha shida da ƴan wasa ke hawa, ɗaya bayan ɗaya: ta cire batir, ta kankare tsatsar bakinsa, ta ƙara masa ruwa, ta shafa giris, ta canja wayoyin da ɓeraye suka ci.

A hunturun bara ne Rhonda Gangell ta shigo garejin da makullin akwatin da mijinta ke ajiye kayan wasansa a kulob ɗinmu a hannu. Mijin nata Athol, tsohon manomin da ya shekara arba'in yana wasa a nan, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi, ƙafar dama ta daina aiki.

"Ya ce in mayar muku. Ya gama da golf," in ji Rhonda.

"Hannuwansa fa?" Noeline ta tambaya, kanta na cikin mota.

"Na hagun lafiya lau. Na daman yana dawowa a hankali. Bakin ne dai bai taɓa mutuwa ba."

"To koma da makullinki. Ki ba ni wata biyu."

Ta ware mota mai lamba tara, ta ce za ta mayar da totur da birki su dawo hannu. Keith, shugaban kulob, ya zo yana sosa ƙeya, wai sai kwamiti ya zauna.

"Ku zauna, Keith, zama ai kun iya shi. Ni zan kira mai duba motoci daga Launceston. In ya ce ba ta yi ba, ni da kaina zan kwance."

Daga wata tsohuwar tarakta ta ciro sandar ƙarfe ta yi mariƙi da ita. Gwajin farko ni ta ɗora. Ina taɓa sandar motar ta zabura, sai ga ni cikin tulin yashi har gwiwa. Noeline ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta kwance komai ta sake daga farko. Sau huɗu ta sake kafin mai dubawa ya zo ya sa hannu.

Ƙarshen Agusta Rhonda ta kawo Athol, fuska a murtuke.

"Keken guragu kika yi mini, Noeline?"

"Wa ya ce taka ce? Ta kulob ce. In ba ka so akwai masu so."

"Ke da ba ki san kan sandar golf daga gindinta ba."

"Kai da ka sani, shekara arba'in ƙwallonka na faɗawa tafki. Hau mana, tsoho, shayina na hucewa."

Ya hau. Ya tura sandar, motar ta tafi a hankali. Ya ja, ta tsaya cak. Ya daɗe yana kallon filin. Rhonda ta juya baya tana share ido. Ranar rami uku ya buga, yana jingine da motar, da hannu ɗaya da rabi.

Yanzu duk Laraba yana nan, yana faɗa da kowa kan ƙidayar bugu. Labarin ya kai wasu kulob biyu na gabar teku, suka turo motocinsu a bayan tirela. Ɗayar ta wata malamar makaranta ce da aka yanke wa ƙafa. Noeline ta ce za ta yi, amma sai ta gama da batiran namu tukuna.