Kwazazzabon Da Na Cike

Shekara talatin da wani abu ina dillancin fili a garin Bauchi. Na fara da raka masu saye ina nuna musu iyaka, har na kai ina sayen gona sukutum in yanka ta fuloti-fuloti. A sana'ar nan akwai abin da ba mai koya maka da baki, amma kowa ya san shi. In kana bayanin fili, ka faɗi titi, ka faɗi kusancin wuta, ka ce ƙasar a shimfiɗe take. Rami ko kwazazzabo kuwa ba a ambatonsa. Ba ƙarya za ka yi ba, tsallakewa kawai za ka yi. Na yi ta tsallakewa har bakina ya saba.

Matata 'yar makiyaya ce. An haife ta a wata ruga a gindin duwatsun da ke bayan gari. Bayan aurenmu da 'yan shekaru iyayenta suka tashi da shanunsu suka yi kudu, masu gonar da rugar take ciki suka sa ta a kasuwa, ni na saya. Akwai wani kwazazzabo da ya ratsa tsakiyar wurin. Na sa tifa ta yi ta jibga masa jar ƙasa har ya shafe, na sare itatuwan da suka tsaya a kan layi, na kafa turaku, na sayar. Na gaya mata a lokacin, a taƙaice, ina cin tuwo. Ta ce Allah ya sa albarka, ba ta ƙara komai ba.

'Ya'yanmu mata biyu suka yi aure, ɗaya Gombe, ɗaya Jos. Gidanmu na Fadaman Mada ya rage daga ni sai ita. Sai ciwo ya kwantar da ita, irin wanda likita ke rage murya in zai yi maka bayaninsa. Wata safiya ta ce tana son in kai ta ta ga rugarsu. Na ɗauke ta a mota muka je. Na tsaya a gaban wani injin niƙa, kusa da shagon mai gyaran waya.

“Alhaji, ka ɓata hanya,” in ji ta.

“Nan ne.”

Ta dubi katangu, ta dubi kwanon rufi, ta ɗaga kai ta dubi duwatsun. Su kaɗai ta gane. Ta ce, “Mu koma gida.”

Ni mutum ne da in abu ya ɓaci nake neman yadda za a gyara. Ba zan iya rushe unguwa ba, amma na san wani dattijo a Ƙofar Dumi wanda a da yake zana bayan manyan motoci. Kogi ne, tsauni ne, giginya ce, duk motar da ya taɓa sai an bi ta da kallo. Da aka daina yayin wannan, ya koma rubuta allunan shaguna. Na same shi a rumfarsa, fenti duk a farcensa, na ce ina son ya zana mini wani wuri a bangon ɗakin matata, daidai inda idonta ke sauka in tana kwance.

“Ba na zana mai rai a ɗakin da ake salla,” ya ce. “Shanu da mutane babu. Ƙasa, dutse, itace, ruwa, waɗannan na iya.”

“Su nake so.”

“To mu je in ga wurin.”

“Wurin babu shi, Malam. Gidaje ne yanzu.”

“Wa ya cinye shi?”

“Ni.”

Ya yi dariya har da tari. “Ka sayar da na Allah, ka dawo sayen na gwangwanin fenti. To, sai wanda ya san wurin ya ba ni shi da baki.”

Ita kuwa ba za ta iya zama tana hira da baƙon namiji ba, tarbiyyar gidansu ke nan, ga kuma ciwo. Sai muka yi haka: ya zauna a zaure da takarda da fensir, ni ina shiga ina fitowa da magana.

Ban taɓa jin ta yi dogon zance kamar na ranar ba. Ta ce akwai tsamiya ta gabas. Akwai falalen dutse inda suke shanya ƙore. Akwai ɗorawa biyu da suka jingina da juna. Sannan ta shiga zancen kwazazzabon, ta daɗe a ciki. Daga tsakanin duwatsu biyu yake fitowa, ya karya ta bayan bukkar Innarta, ya sauka. Ƙasansa farin yashi ne. Ruwa yakan kwanta a ciki har bayan kaka, a nan suke wanke ƙore, a nan suke ɓuya in rana ta yi zafi.

Daga ɗakinta zuwa zaure taku goma sha biyu ne. Na fito na ce, “Tsamiya ta gabas, falalen dutse, ɗorawa biyu a jingine. Wurin a shimfiɗe yake.”

Ya ɗago kai. “Alhaji, dutse kamar wannan babu hanyar ruwa? Ruwan da ya sauka a kansa ina yake bi?”

“Malam, da ƙafata na auna wurin nan.”

“To, kai ka sani.”

Na sha tambayar kaina ko da gangan na yi. Iyakar gaskiyata, ban tsaya na yanke shawarar ɓoyewa ba. Fili nake bayani, sai bakina ya yi abin da ya saba.

Na mayar da ita ɗakina saboda warin fenti. Kwana tara ya yi yana aiki. Ran da ya gama, muka bar tagogi a buɗe kwana biyu, sannan na riƙo ta a hankali na kwantar da ita a gadonta. Aikin ya yi kyau, ba ƙarya. Duwatsun kamar ka taɓa, inuwar tsamiyar har ta sauko gefen gado, ciyawa koriya shar daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ta daɗe tana kallo. “Mutumin nan ya iya,” ta ce. “Rugar su wa ce?”

“Taku ce mana.”

“Ina kwazazzabon?”

Na yi shiru.

Sai ta yi 'yar dariya, irin wadda take yi in na zuba gishiri a shayi. “Haba Alhaji. Har a bango ma sai da ka cike shi?”

Washegari da sassafe na tafi Ƙofar Dumi. Rumfar a rufe. Maƙwabcinsa mai ɗinki ya ce ya tafi ƙauyensu girbi, sai ya ga dama zai dawo, kuma ba ya riƙe waya. Na ce a raina akwai lokaci. Da na sa ta maimaita mini bayanin na rubuta, da na huta. Kunya ta hana ni sake tayar da zancen, ita ma ba ta sake ba. Takan kwanta ta fuskanci bangon, amma ban san ko kallonsa take yi ba. Kafin mai zane ya dawo ta rasu.

'Ya'yana suka yi kwanakin da za su yi suka koma gidajensu. Na zama ni ke buɗe ƙofar gida, ni ke rufewa. Abinci daga gidan ƙanena ake aikowa, in ci a tsaye. Ɗakinta kuwa na ja shi na bari.

Dattijon ya zo mini ta'aziyya bayan an watse. Na gaya masa komai. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma lallashe ni ba. Ya ce, “Ta ina kwazazzabon ya bi?”

Ina tune da direban tifar, ina tune da kwanakin da ya yi yana juye ƙasa, ina tune da lambar kowane fuloti da ya hau kan wurin. Yadda kwazazzabon ya karya kuwa, ko dama ko hagu, babu shi a kaina. Sau ɗari na tsaya a bakinsa, lissafin cike shi kawai nake yi.

“Bari damina ta kankama,” ya ce. “Kai ka san ka cike shi. Ruwa ba wanda ya gaya masa.”

Watanni na yi ina jira. Ran da aka yi ruwa mai ƙarfi bayan azahar, na ɗauko shi muka tafi. Muka bar motar a bakin titi, muka naɗe wanduna, ya rufe takardarsa da leda. Ruwan na fitowa daga tsakanin duwatsu biyu, kamar yadda ta faɗa. Muka bi shi. Ya ƙi bin lambatun da aka gina masa, ya yanke titi a karkace, ya shige ƙarƙashin wata katanga, ya ɓulla ta wani lungu. A ƙasa muka tarar da wani magidanci yana kwarfe ruwa daga zaurensa da bokiti.

“Kowace shekara haka muke,” ya ce mana. “Wanda ya yanka wurin nan, shi da Allah.”

Na ce, “Ni ne.”

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya ci gaba da kwarfarsa. Ban ga laifinsa ba.

A inda ruwan ya ci gefen titi, jar ƙasata ta zaizaye, wani abu fari ya fito a ƙarƙashinta. Dattijon ya tsuguna ya damƙo. Farin yashi ne. Ya cika aljihunsa da shi.

Kwana biyu ya yi a ɗakin. Ya tsaga koren ciyawar nan tun daga duwatsu har ƙasan bango, ya kwaɓa yashin a cikin fenti ya shafa a ƙasan kwazazzabon. In ka sa hannu za ka ji shi. Da zai tafi ya nuna mini wani lanƙwasa a tsakiya. Ya ce a nan ruwan ya ɓace mana ƙarƙashin gidaje uku, don haka da ka ya zana shi, ba da ido ba. In lissafina daidai ne, nan ne bayan bukkar Innarta.

Har yau ina sayar da fili. Yanzu da rami nake fara bayani, wasu masu saye har suna zaton wata sabuwar dabara ce. Bayan la'asar nakan shiga ɗakinta in zauna a bakin gadon. Tsamiyar da ɗorawar ba su dame ni ba, na san daidai suke, daga bakinta suka fito. Lanƙwasan nan nake kallo. Iyayenta sun rasu, 'yan'uwanta sun bazu da shanu inda ban sani ba, kuma wadda za ta kalle shi sau ɗaya ta ce mini dama ne ko hagu, ta tambaye ni ina kwazazzabon yake a lokacin da take da rai, na yi shiru.