Shamuwar da Ta Rage a Tsibiri

Jiya a kasuwar Cadawa na bi ta gaban mai suyar fara, ƙamshin ya bugi hancina, sai na tsaya cak kamar wadda aka kira daga baya. Matar ta ɗauka saye zan yi, har ta fara auna mini. Na saya ɗin don kunya, amma ban ci ba. Ni fara ba ci take tuna mini ba. Wani lokacin kaka take tuna mini, a ƙauyenmu yamma da Tibiri, lokacin ban daɗe da shiga lakol ba, wato makarantar boko.

Garinmu a bakin gulbi yake. Da damina in ruwa ya malala cikin fadama, akwai wani tudu da yake ragewa a tsakiya, da giyayya guda a kansa. Shi muke kira tsibiri. In gero ya nuna, iska ta juya, nan tsuntsaye suke taruwa. Ga balbela fari fat, ga kirinjijiya da fitonta tun da asuba, ga zalɓe tsaye shi kaɗai kamar wanda aka yi wa alkawari aka manta. Akwai wasu ƙanana masu dogayen ƙafafu da ke sauka daga arewa, ba mu san musu suna ba. Su suna isowa, shamuwa kuwa haramar tafiya take yi. Takan bar sheƙunanta a tsamiyoyin gari ta koma tsibiri, kullum garken yana ƙaruwa.

A garinmu maza ba sa fita cin rani sai shamuwa ta tashi. Dattawa sun ce ita ta zo mana da ruwa, baƙuwar gari ce, kuma mai gida ba ya fita ya bar baƙo a ɗaki. To ka ga dalilin da ya sa sauran yara suke murnar taron tsuntsaye, ni kuwa tsoronsa nake ji. Tashin shamuwa tashin babana ne.

Uwata ta rasu tun ina goye, Gwaggo, yayar babana, ita ta raine ni. Ni ce kuma ƴar fari, ka san kunyar ɗan fari a wurin mutanen da. Baba ba ya faɗin sunana, ba ya haɗa ido da ni. In yana da magana sai ya dubi bango ya ce a gaya wa yarinyar nan kaza, alhali ina tsaye a gabansa. Da damina yana gona, da rani yana kudu. Abin da na fi sani a jikinsa shi ne ƙeyarsa da tarinsa.

Wanda nake sakewa da shi shi ne mahaifinsa, wanda duk gida ke kira Tsoho. Yini yake a bakin fadama yana tufkar igiya, ina gefensa muna kallon tsibiri. Uwargida yake kirana, kullum yana barazanar zai sake ni saboda ban iya dama fura ba.

A shekarar nan fara ta cinye mana gero, rumbu ko rabi bai kai ba. Na ji Baba yana gaya wa Tsoho cewa bana arewa zai yi, kuma tafiyar ba ta shekara guda ba ce. Washegari na tambayi Tsoho abin da ke korar shamuwa. Ya ce yunwa ce, in fara ta ƙare sai ta bi ta inda take. Tun daga ranar na shiga fita da sassafe, lokacin da raɓa ta nauyaya wa fara fiffike, in tsince ta cikin ƙwarya, in ratsa ruwa har ƙugu in watsa a tsibiri. Tsoho ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce bai taɓa ganin mai ciyar da garken Allah da ƙwarya guda ba.

Hakan bai hana shamuwoyin tafiya ba. Wata rana da hantsi suka tashi gaba ɗaya, suka yi ta kewaya suna hawa sama har suka koma kamar ƙwayar barkono, suka miƙa kudu. Na zauna ina kallon tsibiri, sai na ga abu baƙi yana motsi a gindin giyayya. Guda ce ta rage, fiffikenta na dama yana jan ƙasa.

Da yamma, maza suna zaune ana maganar ranar tafiya, Tsoho ya gyara murya ya ce, "Uwargidata ta ce in gaya muku baƙuwarku ba ta gama tahiya ba. Akwai saura guda."

Aka yi dariya, aka wuce maganar. Ranar kasuwa abokan tafiyar Baba suka ɗaure kaya suka tafi. Shi kuwa ya ce jinkar rumbu tana son gyara. Rumbun da ba komai a ciki! Gwaggo ta dube shi, ta dube ni, ta ci gaba da tankaɗe.

Da safe na iske shi a bakin ruwa ya riga ni, ya naɗe wando. Ya karɓi ƙwaryar bai dube ni ba, ya shiga gaba, na bi sawunsa. Haka muka riƙa yi kullum. In ya watsa farar sai ya zauna a kan saiwar giyayya, ni kuma can nesa kaɗan, ya shiga yi wa tsuntsuwar hira. Ya ba ta labarin garuruwan kudu, da wani wuri inda kogi ke shiga teku, ruwan ya zama ba daɗi ba gishiri, da yadda ya taɓa ganin irin ƴan tsuntsayen fadamarmu a can har ya ji kamar ya gaishe su. Ya gaya mata cewa matarsa da ta rasu ba ta iya ganin tsuntsu a tarko. Muryarsa yake ɗagawa daidai yadda zan ji. Ni ma in ina da tambaya, tsuntsuwar nake tambaya, shi ya amsa mata.

Amma ruwa yana ja baya, fara tana wuyar samu, tuwon Gwaggo kuma kullum ƙanƙancewa yake. A dandali Baba kaɗai ne mai baƙin gemu a cikin tsofaffi. Wata rana Tsoho ya ajiye igiyarsa, babu wasa a fuskarsa.

"Uwargida, dubi tsuntsuwarki da kyau. Ina idonta yake?"

Na ce yana sama.

"To. Wanda ƴan'uwanshi sunka tahi, ko kin cika mai ciki, idonshi na hanya. Kuma gidan ga akwai bakuna, ba naki ɗai ba."

Na yi kuka ranar har Gwaggo ta ɗauka kunama ce. Na ji haushin Tsoho, na ji haushin rumbu, na ji haushin gaskiyar ma. Da na gaji sai na koma wurinsa na ce ya gaya wa ɗansa wannan shamuwar tawa ce, ba baƙuwar gari ba, kowa yana iya tafiya.

Amalanke Baba ya hau zuwa bakin hanya. Da zai fita ya tsaya a ƙofar gida, ya juya wajen Gwaggo ya ce, "A ce ma mai tsuntsuwa ta bar shiga ruwa da sahe, sanyi ya shigo." Tsuntsuwar ba ta kai ƙarshen sanyin ba. Shi kuma saƙonsa ya zo, da turmin atamfa da ƴan takalma da suka yi mini kaɗan, daga baya sai wani abokin aikinsa ya zo da labarin rashin lafiya da rasuwa.

Yanzu tsibirin ya zama lambun albasa, an sare giyayyar, injin ban ruwa ke ruri a wurin. Samarin garinmu ba sa duban sama, waya ce ke kiransu, ko da tsakiyar damina ne sai su hau moto su tafi. Maigidana kuwa sunan ɗanmu na fari yake ƙwalawa daga zaure har ɗaki, suna cin abinci kwano ɗaya. Ba na cewa zamanin da ya fi na yanzu, wallahi wani lokaci kishin yaron nake ji.

Ƴaƴana sukan tambaye ni ko na san babana. Nakan ce na san shi kaka guda.